Maɓallin Tagulla

A shagon Nodar, matakala bakwai ƙarƙashin titi,
inda Tbilisi ke warin man inji da tsohuwar fata,
ya ɗora mini shi a tafin hannu:
ɗan maɓalli na tagulla, bai fi ƙwayar wake ba,
bayansa da zare, samansa da kwarmi kamar cokali.
"Lari arba'in," in ji shi. "Ki murɗa shi kan na asali.
Kada ki soka da kan yatsa, Eteri.
Kwantar da gaɓar tsakiya, ki bar nauyinta ya sauka."

Na ce, Nodar, shekara talatin da kyamara a wuyana,
ban taɓa nema wa yatsana sanda ba.
Bai tanka ba. Hannuna kawai ya duba,
hannun kuwa ya ba shi amsa,
yana rawa kamar ganyen inabi a bakin baranda.

Da almuru na manna jarida a bangon kicin,
na kashe fitila ɗaya, na bar ɗaya.
Na sa ido a 'yar taga, na juya zobe
har inuwa biyu suka hau juna suka zama guda.
Ɗaya bisa takwas na daƙiƙa.
Ashirin da maɓalli, ashirin babu shi.
Na baza su a allo, na gyara tabarau,
na ƙirga waɗanda haruffansu suka tsaya cak:
sha ɗaya nan, tara can.
Washegari, bayan gahawa kofi biyu,
lissafi ya juya mini baya:
takwas nan, goma can.
To, wa zan tuhuma, tagulla ko gahawa?

Tamriko, ɗiyata, ta ce ta waya,
"Mama, zamanin fim ya wuce.
Ki ba labulen sauri,
ya rufe kafin hannu ya ankara."
Gaskiyarta. Sai dai hoton dare yakan fito
kamar an barbaɗa masa gishiri.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba.
A cikin jaka maɓallin ba ya barci.
Na jingina da kujerar bas, ya ɗauka.
Na sunkuya ɗaure takalmi, ya ɗauka.
Hoto saba'in da huɗu na duhun jakata,
ko ɗaya bai girgiza ba.

Ran Talata, da asuba, a gidan burodin Gocha,
ya zura rabin jikinsa cikin tanda
yana manna ƙullu a bangon wuta.
Na haɗe gwiwar hannu da haƙarƙari,
na saki rabin numfashi, na riƙe rabi,
na sauke yatsa
kamar mai taɓa goshin yaro don jin zazzaɓi.
Ban ma ji lokacin da labulen ya ƙifta ba.
Bulon tanda ya fito tsaf, har tsagar jikinsa,
garin da ke kan girar Gocha ana iya ƙirga shi,
hannunsa kuwa hayaƙi ne zalla.
Wannan rawar tasa ce. Ba tawa ba.
Na daɗe zaune ina kallonta.

Sati uku ya yi da ni.
Wani wuri tsakanin gadar Mtkvari da gida
ya warware kansa, ya faɗi, ban ji ƙararsa ba.
Yatsana ya ci gaba da kwanciya a kan iska,
yana neman tudun da ba ya nan,
yana sauka a hankali duk da haka.

Na koma matakala bakwai.
Nodar ya ɗago, gilashi manne a ido ɗaya.
"Ya yi amfani?"
Na ce, ban sani ba. Ba ni wani.
Ya jawo aljihun tebur yana tari.
"Yanzu arba'in da biyar ne."